Kifi Mai Albarka na Maigidana

Ko zan manta da komai, ban da shekarar da maigidana ya yi kiwon kifi. Ya haƙa kududdufi a gonarsa ta rani kusa da Tiga, ya sayo 'ya'yan karfasa wurin masunta ya zuba. Da yake ko allura ya saya sai ya nemi gyara, da hannunsa ya ɗebo wasu ƙanana daga wani bokiti daban ya haɗa.

Bayan 'yan watanni kifi ya fara raguwa. Gonar yayana ce ke jikin tasa, don haka bincike bai ba maigida wahala ba. Ya daina gaisawa da Yaya, ya kuma ce in na sake taka gidansa in yi zamana can. Abin ya ci min rai ƙwarai, don mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar babanmu ake kira ɓarawo.

Amma kullum ya dawo daga gona sai ya yabi wani kifi guda. "Shi kaɗai ke ƙiba," in ji shi. "Mai albarka ne. Da sauran za su yi koyi da shi, da mun huta."

Ranar da zai kai ƙarar Yaya wurin mai unguwa, sai ya kamo mai albarkar, wai in soya a tafi da shi gaisuwa. Ina buɗe buhu na ga jiki fari kamar azurfa, baƙin ido da zobe rawaya, ga wangamemen baki, haɓar ƙasa ta zarce ta sama.

Na ce, "Malam, ai wannan giwan ruwa ne. Kifi yake ci, ko ɗan'uwansa ba ya bari."

Ya ce, "Ke dai kare yayanki kike yi."

Sai na farke cikin kifin a gabansa. Karfasa biyu suka zubo, ɗaya ko narkewa ba ta fara ba. Ya daɗe yana kallonsu, sannan a hankali ya ce kada maganar ta fita. Na ce to. Na soya kifin, na jera karfasan nan ɗanye a gefen kwano, na rufe, na ce shi zai kai wa Yaya da kansa. Ya kai, daga nan bai sake tada maganar ƙara ba.

Tun ranar na koyi cewa in kowa na ramewa mutum ɗaya na ƙiba, cikinsa ake fara dubawa kafin a zargi maƙwabci.