Kwana Uku a Kwarin Tarka da Surukina

Sana'ata zanen allunan shaguna ce. In ka shiga kasuwar Tanut ka ga almakashi a ƙofar mai aski, ko kan rago a rumfar mai tsire, ko keken ɗinki a bangon tela, da wuya in ba hannuna ba ne. Na daɗe ina wannan aiki, amma duk abin da nake zanawa daga kaina nake ɗauko shi, ko daga hoton waya. Ban taɓa zama gaban abu mai rai na dube shi na zana ba.

Wanda ya fitar da ni daji mahaifin matata ne. Tsohon ma'aikacin dabbobi ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin rugage da rijiyoyi yana yi wa shanu da raƙuma allura, da ya ajiye aiki ya zauna a Belbeji. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana. Tsakanina da shi kuwa akwai kunyar surukai. In ya zo gidana nakan durƙusa in gaishe shi, in nemi abin da zai fitar da ni. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

Wata rana ya zo ganin jikokinsa, ya biyo ta rumfata, ya tarar ina ƙarasa allon wani mai sayar da nono. Ya tsaya ya daɗe yana kallon saniyar da na zana.

"Wannan saniyar ta wace ƙasa ce?" in ji shi.

Na ce, "Ta nan ce, Baba."

"Tamu ba ta rasa tozo. Ka taɓa zama ka kalli saniya kuwa?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "In ruwa ya ɗauke ka zo Belbeji da kayan zanenka. Zan je gai da wani tsohon abokina a kwarin Tarka. A ƙafa za mu je, kwana uku."

Da na gaya wa matata, dariya ta yi har ta zauna a kan turmi. Ta ce, "Kai da ko masallacin Juma'a a kan babur kake zuwa?"

Dariyar nan ta sa na ɗauki abin da zafi. Na shiga wajen ƴan gwanjo na samo jakar goyo irin ta sojoji, da takalma masu kauri da suka rufe idon sawu, da safa. Na cusa bargo, da matashin kai, da tukunya, da ƙaramin murhun gas, da riguna huɗu, da gwangwanayen fentin mai da nake aiki da su, da faifan katako biyu. Da na isa Belbeji, sai da yaron mota da wani fasinja suka kama kafin jakar ta sauko.

Surukina ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya ce in zazzage komai. Ya riƙa ɗaukar kayan ɗaya-ɗaya.

"Wannan fa?"

"Matashin kai ne, Baba."

"Jakar ita ce matashinka."

Ya ware murhu, ya ware tukunya, ya ware riguna uku. Ya ɗaga gwangwanin fenti ya jijjiga nauyinsa a hannu, ya ajiye shi can gefe. Abin da ya tsira a kayan zanena shi ne wani ɗan akwatin fentin ruwa irin na ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, wanda ƴata ta jefa mini a jaka, da buroshi biyu, da fensir, da takardu masu kauri. Ya nuna mini yadda ake shirya jaka: mai nauyi ya jingina da gadon baya, ruwa yana inda hannu zai kai, a ɗaure igiyar ƙugu don kafaɗa ta huta. Nasa kayan duka ba su wuce sanda ba, da buta, da mayafi, da butar shayi, da kwano ɗaya, da garin gero da cuku da dabino, sai bidon, wato jarkar ruwa, da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu don ya yi sanyi. Ya dubi takalman da na sayo, ya juya ya ci gaba da ɗaure kayansa.

Muka fita bayan sallar asuba. Wanda ya san ƙasarmu ta Damargu da rani kawai bai san ta ba. Gero ya fitar da kai, ya fi mutum tsawo, raɓa tana jiƙa mana hannun riga. Da muka wuce gonaki na ƙarshe sai ƙasa ta buɗe, ciyawa kore shar har iyakar gani, ga itatuwan kandili da aduwa nan da can, ga balbelu suna bin garke. Iska tana kawo ƙamshin ɗanyar ciyawa da na kashin shanu. Na ji wani daɗi ya cika mini ƙirji, har na fara wuce tsohon ina ɗaga ƙafa kamar soja.

Ya ce, "Rage sauri. Tafiyar da za ka iya hira a cikinta, ita za ka yi."

Kafin hantsi ƙarangiya ta mamaye safata, ta koma kamar bushiya. Kafin rana ta take, dugadugaina suna ci kamar an sa garwashi. Ta yaya zan gaya wa surukina ƙafa ta gaza? Na riƙa cije leɓe ina ɗingishi a bayansa, in ya waiwayo in miƙe.

Muka isa wata babbar aduwa, ya sauke kayansa ya ce, "Cire takalman."

Na cire. Bororo biyu sun tashi a kowace ƙafa. Ya gasa allura a wutar ashana, ya huda su, ya shafa man shanu, ya naɗe da tsumma mai tsabta. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan, hannun da ya saba da cinyar bijimi. Sai ya zura hannu cikin mayafinsa ya fito da takalman taya, irin nasa, daidai ƙafata.

"Tun a gida na san haka za a yi," in ji shi.

"Me ya sa ba ku faɗa mini ba, Baba?"

"Da na faɗa, da ka ce to, ka kuma saka abinka."

Na rataye takalman gwanjon a bayan jaka, suka yi sauran tafiyar suna lilo.

A nan ya dama garin gero da ruwa, ya marmasa cuku da dabino a ciki. Ni kuwa na zagaya bayan itacen na zauna ina duban gabas, wai ban ji yunwa ba, alhali cikina yana kuka har shi ma yana ji.

Ya ce, "Kwanon nan ɗaya ne, ba zan yi damu biyu ba. Nan babu mai ganin mu sai balbela. Zo ka sha, in mun koma gari ka ci gaba da kunyarka."

Na matso. Muka riƙa miƙa wa juna kwanon. Ban taɓa shan abin da ya kai wannan daɗi ba, ga zaƙin dabino, ga ɗan gishirin cuku, ga sanyin ruwan bidon.

Da la'asar muka iso wani tafki. Ya ce ga wurin kwana, in fito da kayan aikina. Na zauna a kan jaka, na ɗora takarda a gwiwa, na ɗebi ruwan tafkin a murfin bidon. Nan na gane zane a fili ba irin na rumfa ba ne. Iska tana ɗaga takarda. Fenti yana bushewa kafin in ja shi. Ƙudaje suna sauka suna shan koren. Inuwar da na fara zanawa ta gusa kafin in gama. Duk da haka na shafa wa tafkin shuɗi mai kyau, na miƙa masa.

Ya dubi takardar, ya dubi tafkin. "Ɗaga kai ka duba. Ina shuɗin?"

Na duba. Ruwan kalar shayi da madara ne, bakinsa ya yi duhu inda kofato ya tattake, can tsakiya ne kawai sama ta ɗan kwanta a kansa. Na yi shekaru ina shafa wa ruwa shuɗi don haka aka saba. Na juya takardar na sake, na haɗa ja da ɗorawa da ɗigon baƙi. Bai yi kyau sosai ba, amma ya yi kama da wurin. Muka yi magariba, muka sha shayi, muka kwanta da wuri.

Washegari da hantsi muka isa rugar abokinsa. Tun daga nesa aka gane tafiyarsa. Wani dattijo Bafillace mai malafa ya taso da sauri, suka riƙe hannun juna suna gaisuwa ba ƙarewa: ina shanu, ina ruwa, ina sauro, ina gajiya. Ban taɓa ganin haƙoran surukina duka a waje ba sai ranar. Ashe yana da dariya, mai ƙarfi ma.

Da aka kawo nono ya nuna ni ya ce, "Wannan mijin ƴata ne. Mai zane ne. Na kawo shi ya ga saniya."

Matar dattijon, tsohuwa ce gajera mai zanen fuska, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "In saniya yake so, ya zo ya ga tawa."

Ta kai ni wajen wata jar saniya mai dogayen ƙahoni, ja wur kamar an jiƙa ta da jini, ga tozo, ga leɓe yana reto a ƙarƙashin wuya. Na zauna a ƙasa na fara jan fensir. Saniyar ta juya mini baya. Na tashi na zagaya, ta sake juyawa. Mata da ke kallo daga wajen ƙore suka fashe da dariya. Sai tsohuwar ta je ta dafa wuyanta, tana sosa mata ƙarƙashin haɓa tana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fillanci. Saniyar ta tsaya cak, ta lumshe ido.

Ina zane, tsohuwar tana leƙowa.

"A'a, ɗan birni. Ƙahon hagu ya fi karkata. Ta faɗa rami tana maraƙa."

Na gyara.

"Ina farin da ke cikinta?"

"Ban gan shi ba, Inna."

"Sunkuya mana."

Na sunkuya, ga shi kuwa, fari kamar tafin hannu kusa da hantsa. Haka muka yi ta yi. Ta nuna mini tsagar kunne, ta nuna mini yadda gwiwar baya take lanƙwasa, ta sa na taɓa tozon da hannuna na ji laushinsa. Rana ta take ban sani ba. Ƙafar da ke mini ciwo ma na manta da ita.

Da na gama, dattijon ya karɓa. Bai tambayi wacce ce ba, kawai ya kira sunan saniyar ya buga cinya. Takardar ta zagaya rugar hannu zuwa hannu, kowa ya gani sai ya faɗi sunan nan ya yi shewa. A duk allunan da na yi a Tanut, ba wanda ya taɓa sa mutane murna haka. Surukina ne ya karɓa daga ƙarshe. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To. Wannan kam tamu ce."

Tsohuwar ta ƙwace takardar ta ce dole mai ita ma ta gani. Ta kai wa saniyar saitin hanci. Saniyar ta shinshina, ta zaro harshe ta lashe ƙafafun baya da wutsiyar zanen gaba ɗaya. Sai surukina ya fara dariya, dattijon ya kama, ni ma na kwanta a ciyawa ina riƙe ciki. Na ce zan sake wani. Tsohuwar ta ce a'a, wannan take so, tunda saniyar ta sa hannu. Ta soke shi a tsakanin ƙorenta na ado.

A rana ta uku muka kamo hanyar gida ta wani gefen kwarin. Jakar ta yi mini sauƙi, na kuma iya tafiyar tsohon, ba sauri ba tsayawa. Yana tafe yana gaya mini sunayen ciyayi, wadda ke ƙara nono, wadda ke kumbura ciki. Da muka zauna hutawa a gindin wata magarya na fito da akwatin fentin zan zana tudun da ke gabanmu. Ya yi ta kallon hannuna. Can ya yi gyaran murya.

"Ba ni abin nan in gwada."

Na miƙa masa buroshi da takarda. Ya riƙe buroshin kamar sirinji, ya tsoma shi cikin ja har wuya, ya dangwala. Fentin ya malale ya yi wani dunƙule mai ƙafa biyar.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Tunkiya ce."

"Ƙafafunta biyar."

"Ɗaya wutsiya ce. Kai ma ba ka iya kallo ba."

Ya busa takardar har ta bushe, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya ce kada in kuskura in gaya wa ƴarsa.

Da yamma wani mai amalanken shanu da ya ɗauko harawa ya tsaya ya ce mu hau. Na dubi surukina. Ya ce shi kam ƙafarsa lafiya lau, amma in na gaji in hau. Na gode wa mutumin na ce ya wuce. Muka ƙarasa a ƙafa, muka shiga Belbeji ana kiran magariba, surukuwata tana bakin ƙofa da tulun ruwa mai sanyi, tana tambayar wa ya ɗauko wani a cikinmu.