Sista Rifkatu da Zancen Fatar Gwaji

Innalillahi! Da safen nan ina buɗe wurin aikina a Challawa aka bugo mini waya, wai Sista Rifkatu ta rasu.

Na zauna a kan durom.

Ita ce nas a kamfanin fatar da na yi leburanci kafin in buɗe nawa. 'Yar Kudancin Kaduna ce, amma wani ɗan Dorayin ma bai kai ta Hausa ba.

Kun san ni, ban saba neman taimako ba, da hannuna na tashi. Amma ciwon ɗana Habibu ya durƙusar da ni. Ciwon gado ne da ba kasafai ake ganinsa ba, ƙarfin yaro ya yi ta raguwa har tafiya ta gagara. Ita ta haɗa ni da wasu iyayen masu irin ɗana.

Da aka ce likitoci masu bincike na neman yara don gwajin sabon magani, duk muka ƙi. Mu 'yan fata mun san gwaji: in sabon kemikal ya zo, lalatacciyar fata ake zuba wa, in ta ƙone ba asara. Haka na faɗa mata.

Ta ce, "Alhaji, ka taɓa ganin an tambayi fata ko ta yarda? Kai dole a tambaye ka."

Ta fahimtar da mu cewa gwaji ba alkawarin warkewa ba ne. Wani yaron ma ba ainihin maganin za a ba shi ba. Kuma duk ranar da ka fasa, ka ɗauki ɗanka, ba mai hana ka. Ba ta taɓa cewa mu shiga ba. Daga baya muka yarda mu zauna da likitocin mu ji ta bakinsu.

Ran Lahadi daga coci ta biyo gidana a Na'ibawa, da gasasshiyar masara ta Habibu. Tana fita ta ce, "Bakin nan naka da ke firgita direbobin tirela, kar ka bar shi a gida ranar zama da likitoci."

Makon gobe ne zamanmu da likitocin, kuma ita ce za ta raka mu. Har wasu iyayen sun fara cewa a fasa.

Ba za a fasa ba. Ni zan shiga gaba da Turancina na sakandare, abin da ban gane ba a maimaita da Hausa. In ban gamsu ba, Habibu ba ya shiga.

Allah ya saka mata da alherin da ta yi mana, ya ba 'ya'yanta haƙuri. Ku taya mu da addu'a, Allah ya zaɓa wa yaran nan mafi alheri.