Ƙofar da Alhaji Ya Gina

Ina bazawara Alhaji ya aure ni, shi kuma bai daɗe da komowa daga gabas ba. Tun yana saurayi ya bi mahaifinsa Makka da ƙafa. Tsohon ya rasu a hanya, shi ya ƙarasa, ya sauke farali, sannan ya yi ta ƙwadago gari gari har ya faɗa ƙasar Masar. Da ya komo ƙauyenmu, tsakanin Agiye da Gazawa, furfura ta fara fito masa, kuma bai zo da komai ba sai buta da labari.

Labarin guda ne, na dalar Fir'auna. Ya ce tudu ne da hannun mutum ya gina, ƙasa faɗi, sama tsini, kowane dutse a cikinsa ya kai girman rumbu. Ya tsaya a gindinta, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Ya ce waɗanda suka gina ta sun mutu tun kafin a haifi annabawa da yawa, amma ko tsagewa ba ta yi ba. Maza suna sauraro a gindin gawo, suna cewa Allah mai iko, su tashi su tafi gona. Ni ce nake jin sauran a gida, ina tuƙa tuwo yana auna mini dutse da hannuwansa.

A bayan ƙauyenmu akwai wani dogon tudu da awaki ke hawa. Ragowar ganuwa ce da kakanninmu suka yi lokacin da suka taso daga wajen Katsina, don tsoron mahara. Tun ina yarinya ban san ta da wani amfani ba sai shanya gujiya. Alhaji kuwa in ya bi ta wurin sai ya tsaya yana kallonta.

Shekarar da aka ce Nasara sun tafi, wani ma'aikacin buro, ofishin gwamnati, ya zo daga Agiye da jandarma guda, aka tara mutane, ya ce ƙasa ta zama tamu. Aka yi guɗa, aka yi kiɗa. Da taro ya watse Alhaji ya sami mai gari.

"Ranka ya daɗe, tunda ƙasa tamu ce, mu tada ƙofar ganuwa. Fir'auna ma da ya saɓa wa Allah ya bar abin da za a nuna. Mu mi za mu nuna wa jikoki?"

Mai gari ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, wa za mu rufe wa ƙofa yanzu? Amma ba komai, a yi gayya."

Aka yi gayyar bayan kaka. Samari suka fito da makaɗa, mata muka dama fura, aka haƙa tushe kafin azahar. Ban taɓa ganin Alhaji da fara'a irin ta ranar ba. Sai dai ba a sake yin wata ba. Cinikin gujiya ya buɗe, kowa ya ɗora buhu a jaki ya nufi wurin awo, samari kuma suka wuce cin rani kudu. Aka bar shi da ramin tushe, da ni.

Ƙasarmu rairayi ce, ba dutse ko na murhu. Yumɓu sai an je gulbi, tafiyar rabin yini da jaki. Rijiyarmu kuma mai zurfi ce, igiya tana cin tafin hannu. Shi yana kawo ƙasa, ni ina jan ruwa ina kai masa da tulu, yana cuɗawa da ƙafa yana murza tubali. Matan unguwa sukan ce mini, "Ke kuwa ruwan sha bai ishe mu ba, kina shayar da ƙasa?" Wani lokaci ni ma haushinsa nake ji, amma in na ga yadda yake shafa bangon da hannu sai in ɗauki tulu in koma rijiya.

Kafin damina ginshiƙai biyu suka tashi, sun fi tsayin mutum a kan raƙumi. Ya gitta musu azara, ya ɗaure sama, ya shafe da makuba. Ƙofa ce tsaye ita kaɗai a fili, ba bango dama ba bango hagu. Fulanin da ke sauka kusa da mu suka riƙa hutawa a inuwarta, wata mai tallan nono ta ce da ni, "Mijinki ya yi ƙofa, ina gidan?" Ta faɗa da dariya, ba da mugunta ba.

Daminar farko ƙofar ta tsaya. A ta biyu gara ta riga ta shiga azarar, ba mu sani ba. Wata rana da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Alhaji ya ɗauki zana da tsani zai rufe saman ginin.

Na ce, "Alhaji, don Allah ka bari ruwan ya wuce."

Ya ce, "In ya wuce, da ita za shi wuce."

Yana sama ruwan ya kece. Ina tsaye a bakin danga na ga azarar ta karye, rabin ƙofar ya zubo da shi. Fulanin nan ne suka fara isa, su suka tono shi suka ɗauko shi a kan zanar. Ƙugunsa ya karye. Maɗori ya zo ya ɗaura, ƙashi ya kama a karkace, daga nan Alhaji bai ƙara taka ƙasa ba sai da sanda biyu. Gona ta koma hannuna.

Da rani ya shigo, maƙwabcinmu ya yi sallama ya zauna yana ta kame-kame. Can ya ce, "Alhaji, ƙasar nan da ta zube, yumɓu ne mai kyau, ga rumbuna ya tsage."

Alhaji ya dubi inda ƙofar ta zube. Sannan ya ce, "Ɗiba."

Bayan shi wasu ba su ma tambaya ba. Alhaji yana zaune a ƙofar gida yana kallon jakuna suna wucewa da mangala cike, yana amsa gaisuwar masu su. Ginshiƙin da ya rage shi ma aka sare shi. Tun daga lokacin ya daina ba da labari, ko an roƙe shi. Ya rame, ya koma yawan barci da rana, abinci sai na matsa.

Ya rasu a farkon shekarun fari, muka binne shi a gabas da gari. Rijiya ta ƙafe, mutane suka watse, ni ma ɗiyata ta auren fari ta ɗauke ni zuwa Gazawa. Da na samu komawa bayan shekaru, wani baƙo ya nome maƙabartar, gero ya kai kafaɗa. Na tsaya a bakin gonar na yi addu'a ta inda nake zato kabarinsa yake, mai gonar yana jira in gama ya ci gaba da noma.