Kumburin da Muka Ɗauka na Jego Ne

Wata biyar ke nan ban ce komai a nan ba. Masu ta tambayata, ku yi haƙuri, sai yau na iya zama na rubuta.

Na haifi Amira lafiya a asibitin gwamnati da ke kusa da mu a Garki. Washegari Inna, mahaifiyata, ta iso daga Zariya da ƙullin kanwarta. Ta ce wankan jego da hannunta za ta yi min, ba za ta bar ni ga 'yan Abuja ba. Safe da yamma tafasasshen ruwa, bayansa kunun kanwa kofi cike. Duk taurin kaina, ban taɓa iya ce mata a'a ba.

Sati uku da haihuwa ƙafafuna suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Hawa benenmu sai na huta sau biyu. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni. Ta ƙara wa ruwan wuta, ta ƙara kanwa.

Ranar da na kai Amira rigakafi, wata nas 'yar Filato ta danna ƙaurina da yatsa. Wurin ya lotsa, bai dawo ba.

"Madam, wannan ba na jego ba ne. Ba za ki koma gida yau ba."

Awon jini, hoton ƙirji, hoton zuciya. Likita ya ce zuciyata ta raunana, ruwa ya taru a huhuna. Kwana goma sha ɗaya na yi da robar iska a hanci, ana auna fitsarina, ana ɗora ni a sikeli kowace safiya.

Na ji tsoro ƙwarai. Abin da ya fi tsaya min, kada Amira ta tashi ba ta san fuskata ba.

Likita ya yi wa Inna bayani cewa ciwon yana kama masu jego ko ba su sha komai ba, amma kanwa da ruwan zafi suna ƙara wa zuciyar nauyi. Na yi fushi da ita. Kwana biyu ban kalle ta ba.

A rana ta uku ta zauna bakin gadona, ta ba ni labarin yayarta Hajara, wadda aka sa min sunanta. A ƙaramin asibitin haihuwa na gari ta haihu, aka sallame ta a ranar, ba wanda ya ce ta dawo awo. Ta kumbura kamar ni, ta rasu kafin arba'in. Manya suka ce ruwan wankan ne bai yi zafi ba.

"Ni nake hura mata wutar," in ji Inna. "Tun lokacin nake ganin ni na kashe ta. Shi ya sa naki na tafasa shi sosai."

Muka yi kuka tare.

Alhamdulillahi, yanzu ina hawa bene da Amira a baya, ina kuma shan maganina. Na gode wa Allah, na gode wa maigidana, da nas ɗin da ta hana ni tafiya, da duk wanda ya sa ni a addu'a.

'Yan uwa mata, awo ba ya ƙarewa ranar haihuwa. In kin ga kumburi, ko numfashi na yi miki wuya in kin kwanta, ki tafi asibiti a ranar. Kuma ki tafi da mai yi miki wanka, ta ji da kunnenta.

Ranar sallama Inna ta tare likita a bakin ƙofa, ta tambaye shi ko da ruwan Hajara ya tafasa da ta rayu.

Ya ce, "A'a, Mama. Ba wutarki ba ce."