Ranar da Muka Shiga Gidan Faransa

A watan Safar na shekarar 1384 ta Hijira, alhazai sun watse, gari ya yi sakayau, kakata Iya Gambo ta ajiye faifan gyaɗar da take sayarwa a bakin layinmu na unguwar Utaibiyya a Makka, ta kama hannuna muka gangara wajen Harami. Shekarata tara. Ta ji an ce za a rushe Gidan Faransa a fitar da titi.

Mu yara kan leƙa gidan daga nesa idan an aike mu ɗibar Zamzam: bene hawa biyar, tagoginsa na katako masu sassaƙa sun turo kai bisa hanya. Ba Bafaranshen da ya taɓa taka shi. Iya ta ce wani attajiri Baturke ya gina, magadansa suka sayar wa Faransa don saukar da alhazan ƙasashen da take mulka, aka ɗora wani mutumin Aljeriya ya kula da shi. Da ƙasashen suka sami 'yanci, sai wani muɗawwifi, mai yi wa alhazai jagora, ya saye. A nan ita da kakanmu suka sauka bayan tafiyar shekara huɗu daga Damagaram. A nan ya rasu, a nan ta haifi babana.

Mun tarar da mai gidan a ƙofa, leburori na fito da kaya. Ya ɗaga mana hannu mu wuce, ba shiga. Larabcin Iya bai wuce na ciniki ba, sai ta dafa kafaɗata. "Faɗa masa, Hauwa. Bakinki ya fi nawa." Na kira shi baffa da Larabci, na ce, "Ya Ammi, kakata ce. Ɗaki ɗaya kawai za ta gani, inda mijinta ya cika." Ya dube ta, sannan ya matsa gefe.

Ban taɓa ganin irin wannan ba. Madubi ya fi babana tsawo, fitilar gilashi mai rassa tana reto daga rufi, ƙasa kuwa sanyi ƙalau kamar an zuba ruwa. Na riƙa tafiya da sanɗa don kada in ɓata wani abu. Iya ba ta kalli ko ɗaya ba. Ta hau har ƙololuwa tana haki, ta shiga wani ɗan ɗaki da babu komai cikinsa, ta tura tagar. Ga Ka'aba can ƙasa, mutane na kewaya ta. "Da ita ya rufe ido," in ji ta. Muka yi masa addu'a, mai gidan na bayanmu yana cewa amin.

Yau dogayen otal sun cika wajen, na kasa nuna wa jikokina ko inda ƙofar take. Hausarsu ma sai in na matsa musu. Amma duk sanda na wuce, tafiyata takan ragu da kanta.