Neman Fuskar Baba

Babanmu mahauci ne a kasuwar Mile One a Fatakwal, kuma ya rasu ina da shekara tara. Mutum ne da ba ya son hoto ko kaɗan. Guda ɗaya tak ya taɓa yarda aka ɗauke shi, na katin shaida, shi ma ambaliya ta shigo mana ɗaki wata damina ta tafi da shi. Haka na girma ina riƙe da fuskarsa a ka. Bayan na haura arba'in, sai na lura muryarsa tana nan, ƙarnin nama a rigarsa yana nan, amma fuskar ta koɗe kamar atamfar da wanki ya ci. Ban gaya wa kowa ba, don kunya nake ji.

Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa, 'yar Kudancin Kaduna, ita ta tayar mini da hankali. Ta ce, "Malama, an baje hotunan wani shahararren mai ɗaukar hoto a cikin gari, duk baƙi da fari, na kasuwannin da. Har da mahautan Mile One ɗinku fa."

Daga nan zama ya gagare ni. Na rubuta kwanan wata a allo ba daidai ba, na goge, na sake rubuta shi ba daidai ba. Ana tashi na faɗa bas. Cunkoson Rumuokoro ya riƙe mu, na yi ta leƙe ta taga ina tsaki, har na yi faɗa da kwandasta kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ɗakin da aka baje hotunan fari ne fat, ga sanyin na'ura. Mutane suna tafiya a hankali, hannu a baya, suna gyaɗa kai kamar masu gaisuwar mutuwa. Haushinsu ya kama ni, don suna tare mini hanya. Su kallo suka zo, ni cigiya na zo. Na wuce hotunan masunta, na wuce buhunan albasa a kasuwar Ose Okwodu ta Anacha, ban tsaya ba sai da na ga teburin nama.

Maza biyar ne a hoton. Huɗu sun fuskanto, ɗaya ya ba da baya yana rataye cinyar saniya a ƙugiya. Na biyu daga hagu dogo ne, mai siririn gemu, yana murmushi. Na tsaya cak. Na ce wallahi shi ne. Ban san na miƙa hannu ba sai da matar da ke kula da wurin ta ce, "Madam, abeg no touch am." Na ce mata babana ne. Ta kawo mini kujera, na kasa zama, na yi kukana a tsaye.

Washegari na je ɗauko Inna, mahaifiyata. Da farko ta ƙi. "Me zan je gani a hoton mutane?" Amma da na leƙa ɗakinta, na tarar ta riga ta ciro mayafinta na zuwa biki. A ƙofar wurin ta tuɓe takalmi, ta gaida matar nan, ta tambaye ta gida da yara da aiki, ni kuwa ina ta jan hannunta.

Na ce, "Inna, ga shi nan. Na biyu daga hagu."

Ta gyara tabarau, ta matsa, ta duba. Sai ta yi dariya. "Wannan? Ai maƙwabcin teburinsa ne, Bazazzagin nan mai surutun tsiya. Matarsa tana Inugu har yanzu."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe uban wasu na yi wa kuka jiya. Kunya ta juye mini faɗa, na ce, "Haba Inna, ki duba da kyau mana."

"Ke, ni za ki koya wa?" Yatsanta ya zarce zuwa ƙarshen hoton, ya tsaya a kan wanda ya ba da baya. Dariyar ta ɗauke. "Ga babanku nan. Halinsa ke nan, da ya ga an ɗaga kyamara sai ya nemi aikin da zai juya."

Na ce ta yaya ta gane, ko kunne ba a gani sosai.

Ta ce, "Shekara goma sha shida ina bin bayan mutumin nan. In za mu asibiti yana gaba ina baya, in za mu tasha yana gaba ina baya. A zamaninmu wace ce take jerawa da mijinta, balle ta ƙura masa ido? Dubi kafaɗar dama yadda ta sauka, ɗaukar nama ne ya mai da ita haka. Dubi ƙeyar."

Na duba. Ƙeya ce kawai da hula, da riga mai jirwayen gumi. Na matsa hagu, na matsa dama, kamar in na samu wurin tsayawa daidai zan hango gefen kumatunsa. Da na gaji, sai na faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa.

"Inna, na manta fuskarsa. Don Allah ki faɗa mini yadda take."

Ta sake duban hoton. Sannan ta kama gefen mayafinta ta share tabarau.

Ta ce, "Ashe ke ma. Ni da nake cewa ke zan tambaya."