Kwanar Maɗaci

Mijina ya daɗe yana gadin gandun daji na gwamnati a bayan garinmu kafin mu zo Umara mu zauna. A Jidda ma bai rabu da itace ba. Ya samu aikin ɗaukar katako a wani sito a unguwar Mahjar, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya masa, mai siton ya san fuskarsa ne kawai. Ni kuma ina shara da wanke-wanke a wani gida a Ruwais. Ɗakinmu ɗaya ne, a saman bene, tagarsa tana kallon bangon maƙwabta.

Kowace shekara idan damina ta ɗauke a gida, yakan kira ƙaninsa a waya saboda hanyar wuta. Fili ne da ake sharewa kewaye da gandun, a kankare ciyawa har ƙasa, domin idan gobarar daji ta iso ta rasa abin ci. Ma'aikatar gandun daji ce ke sa mutanen gari aikin, ƙanin nasa kuma shi ke gaba tun da muka taho. Ina tuƙa tuwo ina jin su.

"Ka fara daga gada. Ka bi har surin nan mai kai biyu. Daga suri kada ka miƙe, ka yi kwana hagu ka zagayo maɗaci, sannan ka sauka ƙorama."

"Yaya, kana ƙasa mai tsarki kana gadin daji? Ko albashin na bin ka can?"

"Ka zagayo maɗaci dai, malalaci."

Haka suke yi duk shekara, magana ɗaya, dariya ɗaya.

A ƙarƙashin maɗacin nan nake kai masa abinci lokacin muna sabon aure. Babba ne, yana da kogo a gindinsa inda wuta ta taɓa cinsa, mijina kan cika kogon da laka kafin rani. Idan na sauke kwano sai ya ce don ni ya lanƙwasa hanyar, kada inuwata ta ƙone. Na daɗe ina yarda da haka. Sai wata rana ya kama hannuna ya kai ni bakin gangaren, ya ce in tsaya in ji. Iska ce ke hawowa daga ƙorama ta wani kwari, da ƙarfi, kamar ana hura ta. Ya ce shekarar da aka miƙe hanyar ta bakin kwarin, wuta ta ci gindin maɗaci, ta tsallake hanyar, ta shiga gandu, ta kusa kaiwa inda mutane ke tara dawa. Tun daga nan yake jan hanyar waje, ta zagayo bishiyar ta bar ta a ciki, inda ƙasa take shimfiɗe.

Ya rasu a ranar wata Talata, bayan zazzaɓi na kwana biyar. Maza suka ɗauke shi. A nan ba a sa wa kabari alama, mata kuma ba mu zuwa. Na tambayi wanda ya raka shi ko ta wane gefe ne, ya ce, "Wallahi Hajiya, duk iri ɗaya ne." Ban sake tambaya ba. Na yi takaba a ɗakin, takalminsa yana bayan ƙofa da garin katako a ciki. Idan ina so in tuna shi a wani wuri, babu inda zuciyata ke zuwa sai gindin maɗaci.

Bayan na fita takaba na koma aiki. Wata rana da hantsi ina goge tayil ɗin tsakar gidan Ruwais, wayata ta yi ƙara. Ƙanin mijina ne. Muka gaisa, ya tambayi haƙuri, sannan ya ce:

"Matar yaya, magana ce ta taso. Ofis za su yi gwanjon itacen gandu, ɓangaren da ke wajen ƙorama. Bishiyoyin malaina sun isa yanka. An turo sabon jami'i yana tsara hanyar wuta kafin a sayar. Ya ce duk abin da ke cikin hanya yana cikin gwanjo, abin da ke waje ba ruwansu."

"To."

"Taswirarsu ta nuna hanya miƙe daga suri zuwa ƙorama. A ƙasa kuma ya ga kwana. Ya tambaye ni dalili, na ce ni dai yaya ke cewa in zagayo, ban taɓa tambaya ba. Ya ce in ba dalili zai miƙe ta. Ke kin sani?"

Na gane abin da ke gabana tun kafin ya gama. Idan na yi shiru za a miƙe hanya, maɗaci ya zauna a waje, zarto ba zai taɓa shi ba. Idan na faɗi abin da na sani, yana ciki.

Na ce ya ba ni zuwa Juma'a.

Maƙwabciyata haifaffiyar Jidda ce, kakanninta ne suka zo aikin Hajji da ƙafa. Hausarta rabi da rabi ce da Larabci. Da na ba ta labari a kan matakala tana tsince shinkafa, sai ta ce, "Ya khala, wa zai sani? Ki ce ba ki sani ba, halas. Shajara ɗaya ce, bishiya ɗaya tak. Gwamnati tana da dubu."

Na ce haka ne.

"Ke ma da ba za ki sake ganinta ba, sai in an kama ki an mayar," in ji ta, tana dariya. Sai ta ga fuskata, ta daina.

Gaskiya ta faɗa. Ba zan gan shi ba ko yana tsaye. Amma sanin cewa yana tsaye shi ne abin da nake da shi. Kwana uku ina hawa mota zuwa Ruwais ina dawowa da wannan a raina. Na yi ta gaya wa kaina cewa wataƙila iska ta sauya, wataƙila kwarin ya cike. Sai in tuna hannunsa a kan nawa, da yadda ya ce in tsaya in ji. Ni ya gaya wa. Bai gaya wa ƙaninsa ba, bai rubuta wa ofis ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ƙanin mijina ya kira, ya miƙa wa jami'in wayar. Mutum ne mai ladabi. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce sunan mijina yana cikin tsofaffin takardunsu. Na gaya masa ya je bakin gangaren da rana tsaka ya tsaya, ya juya wa gandu baya. Na gaya masa shekarar da wuta ta tsallake. Ina jin yana rubutawa.

"Hajiya, kin taimake mu. Za a bar kwanar yadda take."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji akwai bishiyoyin da kuke shafa wa farin fenti, ku bar su don iri."

"Akwai."

"Maɗacin fa?"

Ya ce, "Na duba shi, Hajiya. Yana da kogo. Mai kogo ba a barinsa iri, shi ake fara sa wa alamar yanka. Ki yi haƙuri, ba ni kaɗai ke yanke hukunci ba."

Na ce ba komai. Na gode masa. Da na ajiye wayar na ɗauko tsintsiya na share ɗakin, ko da yake na riga na share shi da safe.

An yi gwanjon a harabar ofis, aka ce mutane sun taru sosai. Wani mai injin katako daga birni ne ya saya. Ƙanin mijina bai je wajen yankan ba, matarsa ce ta je daga baya ta tsinto ɓawon maɗacin. Ta ƙulle shi a leda ta ba wata 'yar garinmu da ta zo Umara, na je har Bani Malik na karɓa. Jan ɓawo ne, mai ɗaci, irin wanda muke jiƙawa don ciwon ciki. Ban jiƙa ba. Yana kan taga.

A ranin shekarar nan wuta ba ta zo ta wajen ƙorama ba sam. Ta wani gefe ta taso, aka kashe ta da wuri. Don haka ban san ko kwanar ta tare wani abu ba.

Da damina ta sake ɗaukewa na jira ko ƙanin mijina zai kira. Bai kira ba, ba shi ya saba kira ba. Ranar hutuna na zauna a bakin katifa na nemo lambarsa.

"Matar yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Kun fara share hanya?"

"Sai mako mai zuwa. Ke ma kin karɓi gadin ke nan?"

"Ka fara daga gada," na ce. "Ka bi har suri mai kai biyu. Daga suri kada ka miƙe."

Ya ce, "Ina jin ki." Na ci gaba.

"Ka yi kwana hagu, ka zagayo kututturen, sannan ka sauka ƙorama."